Mutumin da ke Hawa na Tara

Orrin Haglund mai zanen taswira ne a ofishin hanyoyi na gundumarmu, a kudancin Minnesota, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya tsani karkataccen layi kamarsa ba. Daga Litinin zuwa Juma'a yana zana kwalbatoci da gadoji. Ranar Lahadi kuwa, da an taso daga coci an ci abinci, sai ya gangara ɗakin ƙasa ya ja ƙofa. Matarsa Verna ba ta sake ganin ƙeyarsa sai ta buga daɓen kicin da sandar tsintsiya sau uku, alamar tebur ya haɗu.

A shekarun nan kusan kowane gari yana da irinsu, magidanta masu gemu da tumbi da ke taruwa a ƙarƙashin gida su jera sojojin dalma a kan tebur mai yashi, su sake yaƙe-yaƙen da aka gama tun kakanninsu ba su zo duniya ba. Orrin da abokansa huɗu sun yi shekaru suna wannan. Sai wata Lahadi aka gaji da rundunoni, ya ce kowa ya ɗauki soja ɗaya tak, ya raɗa masa suna, ya zama shi. Shi kuma ya zauna a kan tebur a matsayin alƙalin wasa, ya ɓoye taswira a bayan kwali, yana faɗa musu abin da idonsu ya gani: ga rami a gindin dutse, ga matakala, ga duhu. Su faɗi abin da za su yi, a jefa ɗan lido, shi ya yanke ko takobi ya samu ko ya kuskure. 'Yan lidon ma ba irin na gida ba ne. Daga kayan koyar da lissafi na makaranta ya samo su, wani fuska takwas, wani ashirin, shi ya bi lambobin da alli mai maiƙo don su fito.

Ramin nan ya yi masa hawa tara, kowane hawa a ƙarƙashin ɗan'uwansa, duk a kan takarda mai gida-gida. A can ƙasa, hawa na tara, ya ajiye dodonsa: wani ƙaton maciji mai fukafukai da ke kwance a kan tulin zinariya. Shekara uku yana gyara dodon nan. Ya san yawan haƙoransa, ya san wanne ne ya karye da dalilin karyewarsa. Burinsa a duniya bai wuce ɗaya ba, wani mai rai ya kai hawa na tara ya ga abin da ya ajiye.

Abokan sun kai hawa na shida sai taro ya watse. Ɗaya aka yi masa canjin wurin aiki, ɗaya matarsa ta haifi tagwaye, biyu kuma suka yi faɗa a kan ko mai sulke zai iya iyo, har yau ba sa gaisawa. Aka bar Orrin da dodonsa. Bai fasa sauka ɗakin ƙasa ba, sai ma abin da ya ƙaru, don yanzu har daren Laraba da yinin Asabar ya haɗa.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya yanke shawarar mai da wasan littafi ya aika wa baƙi. Verna ce ta buga masa a tafireta, shafi arba'in, aka gurza kwafi talatin a injin coci. Taswirar hawa takwas duk tana ciki, amma na tara ya hana. Ya rubuta a ƙarshe cewa duk wanda ya isa ƙofar ƙarshe ya rubuto masa, shi da kansa zai kawo sauran. A shafin farko kuwa layi ɗaya kawai ya yi, wai akwai ƙauye a bakin ramin inda ake sayen igiya da fitila. Verna, wadda ta tashi a gona, ba ta iya ganin rabin takarda fari fat ta yi shiru. Ta leƙa ta matakala ta tambaye shi me za a sa a wurin. Ya amsa daga ƙasa, ko ɗagowa bai yi ba, cewa ta cika da abin da ta ga dama. Ta cika, shi kuwa bai taɓa komawa ya karanta ba, don a ganinsa littafin daga shafi na biyu ya fara.

Aka sa sanarwa a wata 'yar jaridar masu sojojin dalma, kwafi talatin suka tafi. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Sai a kakar 1974 wasiƙa ta zo daga Virta, can arewa ƙasar masu haƙar tama, daga wata mai suna Lorna Pekkala. Ta ce ɗan ƙanenta ne ya sayi littafin ya bari da ya tafi soja, ita ta tsinta. Wata bakwai ke nan su biyar suna wasan kowace Lahadi ba fashi, kuma tun da aka rufe gidan rawa na garin ba su sami abin da ya haɗa su kamarsa ba. In Mista Haglund zai daure ya zo, akwai wata tambaya da shi kaɗai zai iya warware musu.

Orrin ya ɗauki fensir ya yi lissafi a bayan ambulan. Lahadi talatin, in mutanen suna da kai, lalle suna bakin ƙofar ƙarshe. Tambaya kuma ai ba ta wuce ta mabuɗi. Ya sa hawa na tara a babbar ambulan ya liƙe, ya goge takalmi. Verna ta ce za ta raka shi, don in an bar shi shi kaɗai da mota da tunanin dodo, a tafki za a tsamo shi. Ita ta tuƙa, tafiyar awa biyar, shi yana gefe rungume da ambulan yana gwada muryar dodo a hankali.

Lorna tsohuwar mai dafa abincin makaranta ce, gajera, mai muryar da ta saba tsawatar wa yara ɗari biyu. A kicin ɗinta ake wasan, ba a ɗakin ƙasa ba, rana tana shigowa ta taga. Ta gabatar da yayanta Eino, dogon tsoho mai tari, da maƙwabcinsu Bruno Zupan wanda yatsu biyu suka yi masa ƙaura daga hannun dama, da wasu mata biyu da suka zo da saƙarsu. Aka zuba kofi, aka kawo wani burodi mai cikin nama da dankali. Orrin ya ga littafinsa a kan tebur ya sha hannu har ya yi laushi, ransa ya yi fari. Ya ce su ci gaba daga inda suka tsaya, shi kallo zai yi tukuna.

Lorna ta gyara tabarau ta ce, to, an wayi gari a ƙauye, an yi sanyi da dare. Bruno ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin don a ga ko akuyarsa ta haihu lafiya. Sha bakwai ta fito, tagwaye, aka yi masa barka. Eino, wanda kafinta ne a wasan, ya je karɓar gudumarsa wurin maƙeri aka ce maƙerin ya tafi neman aure. Ɗaya daga cikin matan ta shigar da ƙara a kan iyakar gonar kabeji. Jadawalin da Orrin ya ɓata wata biyu yana tsarawa don saran gatari, da shi suke auna ɓarnar da ƙanƙara ta yi wa dankali. Aka yi minti arba'in ana wannan, ba wanda ya ko ambaci rami.

Da haƙurinsa ya ƙare, ya yi gyaran murya ya tambaya a hawa na nawa suke.

"Hawa na me?" in ji Bruno.

"Na ramin. Ramin da littafin yake magana a kai."

"Au, wannan. Ai tun Lahadin farko muka rufe shi da katako," in ji Eino. "Mun kafa allo saboda yara."

Orrin ya dubi littafinsa. Shafi talatin da tara da rabi, shekara uku na rayuwarsa, an buga musu ƙusa an kafa allo. Ya so ya yi fushi, amma baƙin cikin ya fi ƙarfin fushin, kuma ga bakinsa cike da burodin mutane. Ya haɗiye da ƙyar, ya shiga yi musu bayani cewa ramin shi ne wasan. Akwai takubba masu sihiri a ciki, akwai matsafa, akwai zinariya da ba ta ƙirguwa.

Eino ya bari ya gama, sannan ya ajiye kofinsa. Ya ce shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana fito wa wasu da dukiya, Bruno ashirin da shida, matan nan kuma kowacce ta binne miji ko uba da ƙura a ƙirji. Yanzu ranar hutu guda, da rana tsaka, a ce ya sake shiga rami don nishaɗi? Ya jawo littafin ya buɗe taswirori. Ba don raini ba, in ji shi, zanen ya yi tsaf, amma wanda ya yi shi bai taɓa shiga ƙasa ba. Ga lungu mai faɗin ƙafa goma, tsawon ƙafa ɗari biyu, babu katakon tokare ko ɗaya. Ga hawa na biyar ana kunna wutar yula babu mashigar iska. Ga tafki guda a hawa na shida zaune daidai kan rufin ɗakin taro na hawa na bakwai. Bruno ya ƙara da cewa shi ƙwarangwal ɗin da ke yawo a ciki ba su ba shi tsoro ba, tausayi suka ba shi, don ya san abin da ya kashe su.

Abin da ya fi ƙona wa Orrin rai shi ne duk abin da suka faɗa gaskiya ne, kuma shi mutum ne da ba ya iya musa gaskiyar taswira. Ya dubi Verna ko za ta kawo masa ɗauki. Ita kuwa ta ari allurar saƙa wurin ɗaya daga cikin matan, ta duƙufa kamar ba a ɗakin take ba. Ya tambaya a sanyaye, to duk wannan ƙauyen, maƙeri da kabeji da awaki, daga ina suka samo shi?

Lorna ta dube shi ta saman tabarau ta ce daga shafin farko mana, wanda ya fi kowane shafi daɗi. Ta buɗe ta karanta masa. Akwai maƙerin da ba ya mai da kayan aro. Akwai rijiyar da ruwanta ya fi daɗi da safe. Akwai mata biyu da ke rigima a kan iyakar gona tun kafin a haifi 'ya'yansu. Ta sauko layin ƙarshe ta rage murya: "Mai masaukin baƙi mace ce. Mijinta yana cikin ramin. Ba mugu ba ne, mantuwa ce da shi. Kullum abincinsa yana kan murhu, in ta buga ƙasa da sanda sau uku yakan fito ya ci."

Kunnuwan Orrin suka yi ja. Lorna ba ta lura ba, ko kuma ta lura ta bar kaza cikin gashinta. Ta ce saboda mutumin nan ne suka bar 'yar ƙofa a jikin katakon, kuma a kansa ne tambayar da ta sa ta rubuta wasiƙa. Wata bakwai suna gardama. Bruno ya ce mutumin ra'ayinsa ne, a ƙyale shi. Matan suka ce wata mace ce ta riƙe shi a can. Eino kuwa ya ce ba a yanke wa mutum hukunci sai an san tsawon zamansa. Tunda ga marubucin ya zo, ya faɗa musu: tun yaushe yake ciki, kuma har yanzu yana fitowa?

Verna ce ta amsa, idonta a kan saƙa.

"Bana shekara huɗu. Da yakan fito. Yanzu ko ya zauna a tebur, hannunsa ne kawai ke cin abincin."

Eino ya dubi Bruno, Bruno ya dube shi. Eino ya ce to wannan ba yawo ba ne, ƙasa ce ta rufe da mutum. Su kuwa a wurinsu ba a tashi aiki a bar wani a ƙasa, ko da maƙiyinka ne. Ya ture farantinsa gefe ya ce wa ƙanwarsa ta ba baƙo kujerar alƙali, yau za a shiga.

Kar ka so ka ga Orrin a lokacin. Kunyar da ta rufe shi ta ɗan ja gefe, zumuɗi ya taso. Ya kafa kwalinsa, ya jera 'yan lidonsa, ya fara da muryar da ya tanada: ga matakala tana gangarawa cikin duhu. Eino ya ɗaga hannu ya ce shi ba zai taka matakalar nan ba ko da kuɗi. Ya zare taswirori takwas ɗin daga littafin, ya ɗora su a kan juna, ya manna a gilashin taga rana ta ratsa su. Da yake Orrin ne ya zana, kowane gida ya hau kan ɗan'uwansa daidai, ko gashi bai kauce ba. A tsakiya akwai wani wuri, gida huɗu-huɗu, da babu layi ko ɗaya tun daga sama har ƙasa, dutse ne zalla wanda duk lungunan suke kewayewa. Bruno ya ɗora guntun yatsansa a wurin ya ce nan za su haƙa rijiya su sauka kai tsaye.

Orrin ya ce babu dokar haƙa a littafin. Eino ya ce ba komai, shi yana da ita a ka: ƙafa kaza a yini in dutsen mai tauri ne, a sa tokare duk bayan ƙafa biyar, a bar bututun iska. Matan suka karɓi aikin kai abinci da juya igiya. Maƙerin da ya tafi neman aure aka aika aka dawo da shi ya wasa diga. A cikin wasan wata huɗu suka yi suna haƙa, a agogon kicin kuwa awa ɗaya da kofi biyu-biyu. Orrin yana zaune yana kallo suna wuce matsafansa da tarkunansa da ƙwarangwal ɗinsa ta bayan bango, hawa bayan hawa, ba wanda ya zare takobi. Sau ɗaya ya yi ƙoƙarin turo musu ruwan tafkin nan, Bruno ya nuna masa da fensir cewa akwai ƙafa arba'in na dutse a tsakani, ya haƙura.

Da digar Eino ta fasa ƙasan hawa na takwas, Orrin ya yage ambulan. Ɗakin dodo yana daidai ƙarƙashinsu, don shi da kansa ya sa shi a tsakiya. Ya miƙe tsaye ya karanta musu shafi huɗu cur: fukafukan da suka kai faɗin coci, hayaƙin da ke fita ta hanci, haƙori ɗari da sittin da wanda ya karye, zinariya har gwiwa. Sun saurara tsakani da Allah, matan har sun ajiye saƙa. Bruno ya ce kai, wannan dabba an yi ta. Eino ya karɓi taswirar ya daɗe yana dubawa, ya ce wannan ɗakin kam an gina shi daidai, rufin baka ne, zai yi shekara dubu bai motsa ba. Abin da Orrin ya yi shekaru yana jira ke nan, kuma ya yi daɗi, sai dai bai kai yadda ya zata ba.

Lorna ta tambaya ko dodon zai farka. Orrin ya duba takardarsa. Da hannunsa ya rubuta cewa dodo yana farkawa in an buɗe ƙofa, ga shi ba wanda ya taɓa ƙofa. Muryar da ya yi awa biyar yana gwadawa a mota tana nan a maƙogwaronsa, kuma da ya so da ya murɗe dokar, ba mai kama shi. Amma karkataccen layi ne. Ya ce dodo yana barci.

"Madalla," in ji Eino. "A bar shi ya huta. Zinariyar ma tasa ce. To ina mutumin?"

Orrin ya sake duba shafi huɗun nan. Ya san babu wani mutum a ciki, ya ƙirga komai na ɗakin har tsabar zoben da ke ƙarƙashin wutsiya. Ya ɗaga kai ya ga Verna ta daina saƙa tana kallonsa, irin kallon da rabonsa da lura da shi har ya manta. A nan ne abin ya soke shi sosai, ya gane shekara huɗu tana buga daɓe, kuma da ta gaji ta rubuta a shafin farko na littafinsa, baƙi a nisan awa biyar suka karanta suka damu, shi bai karanta ba.

"Yana nan," ya ce. "Can lungu, bayan zinariyar. Yana zaune da fensir yana gyara taswira."

"Da ransa?"

"Da ransa. Bai san an daɗe haka ba."

Eino ya ce a zura igiya. Lorna ta turo ɗan lido mai fuska ashirin gaban Orrin ta ce a jefa a gani ko zai kama, don irin waɗannan wani lokaci sukan ƙi. Orrin ya ɗauka ya jujjuya shi a tafin hannu. Tun da ya fara wasan nan bai taɓa yanke wani abu ba tare da ya jefa ba. Ya mai da shi cikin kofin da ake ajiye su.

"Ya kama," ya ce. "Ku ja."

Suka ja, har Bruno yana nishi da gaske yana cewa mutumin nan bai rame ba ko kaɗan, lalle ana ciyar da shi. Aka fito da shi, aka raka shi ta gaban rijiya da gonar kabeji har ƙofar masauki. Lorna, wadda ita ke yin muryar mai masaukin duk wata bakwai ɗin nan, ta buɗe baki za ta yi, sai ta fasa. Ta juya wajen Verna ta tambaye ta me matar ta ce da ta gan shi.

Verna ta ɗauki lokaci tana neman bakin zaren da ya kuɓuce mata. Ta goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙin murhun Lorna ne, alhali murhun na lantarki ne.

"Ta ce ya goge ƙafarsa kafin ya shigo," in ji ta. "Abincin ya huce, amma za a ɗumama."